Wane suna Turanci ya ba matsalar da ke ciyar da kanta?

Wata ɗaliba da ke rubuta kundin digirinta na biyu da Turanci a kan bashin ƙananan manoma ta aiko da tambaya. Ta ce ta lura manomi kan ci bashi da damina, ya sayar da amfanin gonarsa da arha a lokacin kaka domin ya biya, hatsin gidansa ya ƙare tun kafin wata kakar, sai ya sake komawa wajen mai ba da bashi. Ta ci karo da *vicious circle* da *catch-22* da *domino effect*, kuma ta ga ana amfani da su kamar ma'anarsu ɗaya. Tana son ta san wanda ya dace da abin da take bayyanawa, da kuma abin da ya raba su.

Malama, *vicious circle* ne sunan abin da kika bayyana, kuma a bakin masana tattalin arziki za ki ji ana kiransa *debt trap* ko *poverty trap*, wato tarkon bashi ko tarkon talauci. Sauran biyun ba su dace ba, ko da yake za ki ga marubuta da dama, har da waɗanda suka tashi da Turanci a bakinsu, suna cakuɗa su. Shekarun da na yi ina koyar da Turanci da fassara sun nuna mini cewa ruɗanin kan gushe da zarar mutum ya saba yi wa kansa tambaya guda kafin ya zaɓi kalma: shin abin da matsalar ta haifar yana komawa ya ƙara wa tushenta ƙarfi, ko kuwa dai abin yana sake faruwa ne kawai? Turanci ya ba matsalar da ke ciyar da kanta sunaye, ya ba wadda sharuɗɗanta suka kulle juna wasu, haka kuma wadda ke wucewa gaba ba ta waiwayowa, da wadda ke dawowa a kai a kai ba tare da ta haifi kanta ba.

Kalmar *vicious* ita ce ta fara ɓatar da mutane. A Turancin yau ana faɗinta ne ga kare mai cizo ko mutum marar imani, shi ya sa ɗalibai kan fassara jimlar da "muguwar da'ira". Asalinta kuwa daga Latin ne, *circulus vitiosus*, kuma *vitium* a Latin aibi ne ko naƙasa. Tun farko kalma ce ta masu ilimin manɗiƙi, suna kiran hujjar da ke da aibi a gininta, inda mutum zai tabbatar da magana ta farko da ta biyu, sa'an nan ya juyo ya tabbatar da ta biyu da ta farko. Da wannan ma'ana ta shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 18, sai a ƙarni na 19 aka faɗaɗa ta ta koma sunan duk wani hali da sababi da sakamako ke ƙarfafa juna. Wanda ya yi karatun tauhidi a zaure ya san wannan aibin hujja tun kafin ya ji sunansa na Latin. A cikin Ummul Barahin ta Shehu Sanusi an kafa dalilin cewa Allah Maɗaukakin Sarki ba shi da farko da cewa in da fararre ne da ya buƙaci mai farar da shi, daga nan kuwa sai a faɗa cikin dauri ko tasalsuli. Dauri shi ne abu ya dogara ga abin da shi ma ya dogara gare shi, tasalsuli kuma jeri ne da ba shi da iyaka. Daurin nan shi ne *circulus vitiosus* na asali. A yau idan aibin hujja ake nufi, Turawa sun fi cewa *circular reasoning* ko *circular argument*, sun bar *vicious circle* ga matsalolin rayuwa.

A fagen bincikenki akwai mutumin da ya kamata ki sani, wato Ragnar Nurkse, masanin tattalin arziki ɗan asalin Estoniya, wanda a 1953 ya yaɗa jimlar *the vicious circle of poverty* a rubutunsa kan samar da jari a ƙasashe masu tasowa. Bayaninsa shi ne wanda abin hannunsa kaɗan ne ba ya iya tanadi, rashin tanadi ya hana samuwar jari, rashin jari ya sa abin da ake samarwa ya yi ƙaranci, ƙarancin nan kuma ya mayar da shi ga abin hannu kaɗan da aka fara da shi. Ki lura da yadda gaɓa ta ƙarshe ta koma ta kama ta farko. Wannan komawar ita ce sharaɗin amfani da jimlar, kuma manominki ya cika shi.

Za ki ga wasu na rubuta *vicious cycle* a maimakon *vicious circle*. Duka biyun karɓaɓɓu ne; *circle* ya fi tsufa, *cycle* kuwa ya bazu ƙwarai, musamman a Amurka. Ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kansa daga farkon kundin har ƙarshensa. Abin da ba a yafewa shi ne rubuta *viscous*, kuskuren da nakan gani a takardun ɗalibai kusan kowace shekara, domin wannan kalma ce dabam da ke nufin kauri da yauƙi irin na zuma ko man juye. Aikatau da ke rakiyar jimlar su ma sanannu ne: mutum kan kasance *caught in* ko *trapped in a vicious circle*, wani abu kan *fuel* ko *perpetuate* ta, wato ya rura ta ko ya dawwamar da ita, mai neman mafita kuma yana ƙoƙarin ya *break the cycle*. Kishiyarta ita ce *virtuous circle*, inda alheri ke jawo alheri, kamar ɗan kasuwar da riƙon amanarsa ya ƙara masa masu saye, yawan cinikin ya ba shi halin sauƙaƙa farashi, sauƙin farashin kuma ya sake jawo masa wasu.

Akwai wani bambanci da nake so ki duba da kyau a cikin bayanan da kika tattara, domin shi zai nuna miki ko *circle* ta ishe ki ko kina bukatar *spiral*. Mai zagaya da'ira yana dawowa daidai inda ya tashi. Mai bin *spiral* kuwa yana zagayawa ne kamar mai sauka a matakala mai murɗe, kowane zagaye yana ajiye shi ƙasa da inda yake a baya. Idan manominki yana cin bashin buhu biyu kowace shekara yana biya, yana cikin *vicious circle*. Idan kuwa bana buhu biyu ne, baɗi uku, shekara mai zuwa ya sayar da akuya, daga bisani ya jinginar da gonar, to *downward spiral* ko *debt spiral* ya fi gaskiya, kuma mai duba kundinki zai gane kin san abin da kike faɗa. Masana tattalin arziki suna da *wage-price spiral*, wanda aka yi ta ambata a Birtaniya cikin shekarun 1970, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 20 cikin ɗari a 1975: ma'aikata su nemi ƙarin albashi saboda tsadar kaya, kamfanoni su ƙara farashi saboda ƙarin albashin, a sake komawa teburin neman ƙari. *Death spiral* ana faɗinsa ne idan ƙarshen zagayen rushewa ce, misali a inshorar lafiya, inda tsadar kuɗin shiga ke korar masu lafiya, a bar marasa lafiya da yawa, kuɗin ya ƙara tashi, wasu su sake ficewa. *Doom loop* ya shahara ne a rikicin bashin ƙasashen Turai tsakanin 2010 da 2012, sa'ad da bankuna masu rauni suka zame wa gwamnatoci nauyi, takardun bashin gwamnatocin kuma, waɗanda bankunan ke riƙe da su, suka faɗi a daraja suka ƙara raunana bankunan. Waɗannan biyun na ƙarshe kalmomi ne masu zafi, sun fi zama a jarida, kuma ba na ba ki shawarar sa su a kundi sai kina da alƙaluman da za su ɗauki nauyinsu.

Idan kina son kalmar da ba ta ɗauke da hukunci, wadda ke bayyana yadda abin ke aiki kawai, *feedback loop* ce. Duk wanda ya taɓa zama a taro ya ji lasifika ta ƙwalla ƙara mai huda kunne ya san ta a aikace: makirufo ya ɗauki sautin da ke fitowa daga lasifika, na'ura ta ƙara masa ƙarfi, ya sake fitowa, makirufo ya sake ɗauka, cikin ƙiftawar ido ƙaramin sauti ya zama kuwwa. Daga injiniyoyin lantarki kalmar ta fito kafin ta bazu zuwa ilimin halittu da na tattalin arziki da na yanayi. A nan ma akwai ramin da ɗalibai ke faɗawa. *Positive feedback* a kimiyya ba ya nufin abu mai kyau, yana nufin zagayen da ke ƙara wa canji ƙarfi, ko da canjin bala'i ne. Narkewar ƙanƙarar tekun Arctic, da ke can ƙurewar arewacin duniya, misali ne da masana yanayi ke yawan kawowa: farar ƙanƙara tana mayar da hasken rana sama, idan ta narke sai ruwan teku mai duhu ya shanye zafin, zafin kuma ya narkar da wata ƙanƙarar. *Negative feedback* shi ne zagayen da ke mayar da abu ga daidaito, kamar yadda jiki ke fitar da gumi idan ya yi zafi domin ya tsaya kusa da digiri 37. Injiniya Harold Black ya yi amfani da wannan dabara a 1927 wajen gyara na'urar ƙara sauti ta layukan tarho. Ruɗanin ya samo asali ne daga Turancin ofis da na kasuwa, inda *positive feedback* yabo ne, *negative feedback* kuma suka ce. Saboda haka idan kika rubuta cewa bashi da sayar da hatsi da arha *positive feedback loop* ne, kin faɗi daidai a kimiyyance, amma mai karatun da ba na fannin ba zai iya zaton yabawa kike yi. Siffofin *self-reinforcing* da *self-perpetuating* sun fi tsira daga wannan, kuma suna da kamalar da rubutun ilimi ke so. Na farko yana nuna abin yana ƙara wa kansa ƙarfi, na biyu yana nuna yana raya kansa ba ya bukatar wani ya tura shi daga waje.

*Self-fulfilling prophecy* ɗan gidan nan ne, amma yana da sharaɗi nasa na musamman, kuma shi ne wanda na fi jin takaicin yadda ake ɓata shi. Masanin zamantakewa ɗan Amurka Robert K. Merton ne ya raɗa wannan suna a 1948. Abin da yake nufi shi ne zato wanda da farko ba gaskiya ba ne, amma mutane suka yarda da shi suka yi aiki da shi, aikin nasu kuma ya mayar da shi gaskiya. Misalin da ya bayar na banki ne mai lafiya da aka yaɗa jita-jitar zai karye, masu ajiya suka yi tururuwa suna kwashe kuɗinsu, bankin kuwa ya karye, domin babu bankin da ke ajiye kuɗin dukan masu ajiya a ƙasa a lokaci guda. A watan Maris na 2023 an ga yadda tsoro ke gudu a zamanin wayar hannu, lokacin da masu ajiya suka nemi cire kimanin dala biliyan 42 daga bankin Silicon Valley Bank na Amurka a yini ɗaya, ko da yake shi wannan bankin yana da asara ta gaske kafin tsoron ya zo ya ƙarasa shi. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne layin mai: a ji raɗe-raɗin za a yi ƙarancin fetur, kowa ya garzaya ya cika tanki da jarka, gidajen mai su ƙafe kafin yamma. Haka yaron da malami ya yanke wa hukuncin daƙiƙi tun farkon shekara, ya daina tambayarsa a aji, yaron ya daina ƙoƙari, jarrabawa ta zo ta gaskata malamin. Idan babu wannan zato da ya haifi kansa, jimlar ba ta da wuri. Hasashen da ya tabbata saboda mai hasashen ya hango daidai ba *self-fulfilling* ba ne. Merton ɗin dai shi ne a 1968 ya kawo *Matthew effect*, daga wata aya ta Linjilar Matiyu, domin bayyana yadda mai shi ake ƙara wa, marar shi kuma a rage masa ɗan abin da ke hannunsa. Ya fara ne da shahararrun masana kimiyya da ake jingina wa yabon aikin da suka yi tare da waɗanda ba a sani ba, daga baya aka ɗauki kalmar zuwa dukiya da karatun yara.

Yanzu ga *catch-22* da kika tambaya. Sunan wani ƙagaggen labari ne na Joseph Heller da ya fito a 1961, game da sojojin saman Amurka a yankin Italiya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A cikin labarin akwai ƙa'idar da ta ce za a iya sauke mai taɓin hankali daga tashi da jirgin yaƙi, amma sai ya nema da kansa, neman kuwa shaida ce cewa yana tsoron mutuwa kamar kowane mai hankali, don haka lafiyarsa ƙalau, dole ya ci gaba da tashi. Lambar 22 ba ta ɗauke da wata ma'ana. Da 18 marubucin ya fara, aka canza saboda wani littafi mai 18 a sunansa da ya fito a wannan shekarar. Abin da ya raba *catch-22* da *vicious circle* shi ne babu motsi a cikinsa. Ƙa'idoji ne biyu suka kulle juna, kowace tana bukatar a fara cika ɗaya, mutum ya tsaya cik. Matashin da aka ce ba za a ɗauke shi aiki ba sai yana da ƙwarewa, alhali ba zai sami ƙwarewar ba sai an ɗauke shi aiki, shi ne misalin da kowa ya sani. Akwai wuri ɗaya a bincikenki da kalmar za ta zauna daram: idan banki ya ce ba zai ba manomi rance mai sauƙin ruwa ba sai ya kawo kadarar jingina, shi kuwa rashin kadarar ne ya kai shi neman rancen. Kada kuma ki haɗa shi da halin gaba kura baya siyaki, inda mutum ke da zaɓi biyu duka masu ɗaci. Wannan *dilemma* ne, ko *between a rock and a hard place*. *Chicken-and-egg problem* ya fi kusa, sai dai shi tambayarsa ita ce wanne ya riga wanne, kaza ko ƙwai, kamar sabuwar kasuwa da masu saye ba sa zuwa don babu masu sayarwa, masu sayarwa kuma ba sa zuwa don babu masu saye.

*Domino effect* ba shi da zagaye ko kaɗan. 'Yan katakan wasa ne ake jerawa a tsaye, a ture na farko ya ture na biyu, har na ƙarshe ya faɗi, kuma na ƙarshen ba ya komawa ya taɓa na farko. Shugaban Amurka Eisenhower ya yi amfani da wannan hoto a 1954 yana gargaɗin cewa idan ƙasa ɗaya a kudu maso gabashin Asiya ta koma hannun 'yan gurguzu maƙwabtanta za su bi. *Chain reaction* da *ripple effect* da *knock-on effect*, wanda mutanen Birtaniya suka fi faɗa, duk a wannan sahu suke. Tsadar taki ta rage amfanin gona, ƙarancin amfanin ya ɗaga farashin abinci, tsadar abincin ta sa iyaye suka cire yaro daga makaranta: wannan jeri ne mai tafiya gaba. *Snowball effect* yana tsakani, domin curin dusar ƙanƙara da ke gangarowa daga tudu yana ƙara girma, girman kuma na sa ya kwashi wata dusar da yawa. Yana ciyar da kansa, amma abin da kalmar ke jaddadawa shi ne saurin girma, kuma ana faɗinta ga alheri da sharri duka.

Sauran kalmomin na maimaici ne kawai, kuma ba sai mun daɗe a kansu ba. *Recurring* da *recurrent* na abin da ke tafiya ya dawo ne, *chronic* na abin da ya zauna ya ƙi tafiya kamar ciwon suga, *perennial* na abin da ake fama da shi shekara da shekaru, *cyclical* kuma na abin da ke hawa da sauka a bisa tsari, kamar *boom and bust* a kasuwa. Ambaliyar da ke zuwa kowace damina *recurring* ce ko *perennial*. Ba ta zama *vicious circle* ba sai an nuna cewa ɓarnar bana ce ke ƙara ta baɗi. A maganar yau da kullum za ki ji *Groundhog Day*, daga wani fim na 1993 inda mai gabatar da hasashen yanayi ke farkawa kullum a rana ɗaya, 2 ga Fabrairu. Abin da Bahaushe zai ce jiya i yau ke nan. *Like a broken record* daga faifan garmaho ne da ya karce, allura ta maƙale tana nanata wuri ɗaya, ana faɗinsa ga mai nanata magana. *Rinse and repeat* daga umarnin da ake bugawa a kwalbar sabulun wanke gashi ya fito. Babu ɗaya daga cikin ukun nan da ya dace da kundin digiri.

Akwai kuma rukunin wahalar da ba ta kai mutum ko'ina. *Sisyphean* daga tatsuniyar Girkawa ce ta Sisyphus, wanda aka hukunta da tura dutse zuwa ƙolin tsauni, da ya kusa kaiwa sai dutsen ya gangaro, kuma wannan kalma tana da mutunci a rubutun ilimi. *Treadmill* kafin ta zama na'urar motsa jiki na'urar horo ce da injiniya William Cubitt ya ƙera a 1818 domin gidajen yarin Ingila, fursuna ya yi ta taka matakala mai juyawa ba ya gusawa. Tufka da warwara ta kusa da waɗannan, sai dai ita tana nuna akwai mai warware abin da aka tufka. *Revolving door* ana faɗinsa ga fursunan da ke fita ya dawo, da kuma jami'an da ke kai-komo tsakanin gwamnati da kamfanonin da suke sa wa ido. Biyu daga wannan rukuni za su yi miki amfani. *Robbing Peter to pay Paul* shi ne a ci sabon bashi a biya tsoho, abin da na tabbata kin gani a ƙauyukan da kika zagaya. *Perverse incentive* kuma shi ne maganin da ke ƙara cutar, kamar abin da ya faru a birnin Hanoi na ƙasar Vietnam a 1902, sa'ad da Faransawa masu mulkin mallaka suka sa lada a kan kowace wutsiyar ɓera, mutane suka riƙa yanke wutsiya suna sakin ɓerayen su ci gaba da haihuwa, wasu ma suka shiga kiwonsu. Ana kuma kiran irin wannan *cobra effect*, sunan da masanin tattalin arziki Bajamushe Horst Siebert ya yaɗa a 2001.

Abin da na fi so ki riƙe a rubutun kansa shi ne jimlar *vicious circle* ta sha hannu har ta fara dushewa, kuma mai duba kundi da ya san aikinsa ba zai gamsu da ganin sunan kawai ba, zai nemi ki nuna masa gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, da inda ta ƙarshe ta kama ta farko. A nan Hausa ma tana da abin koya miki, domin mu ba mu cika raɗa wa abin suna ba, mukan faɗe shi ne da aikatau: talauci ke jawo bashi, bashi ke jawo talauci. Idan wata rana aka ce ki fassara kundin ga manoman da kika yi hira da su, wannan ginin zai fi shiga kunnensu a kan kowace irin da'ira. Ki yi hakan a Turancin ma. Ki fara da bayanin, misali *Farmers borrow in the lean season, sell cheaply at harvest to repay, run out of grain early, and must borrow again*, sa'an nan ki biyo da *This vicious circle*, ta yadda sunan zai zo bayan mai karatu ya riga ya ga abin da idonsa.

Akwai kuma gwajin da zai tabbatar miki cewa zagaye ne na gaske: idan aka cire gaɓa ɗaya, sauran ya kamata su sassauta. A wajen manominki gaɓar da ta fi saurin ciruwa ita ce tilascin sayarwa da kaka, lokacin da hatsi ya fi arha. A Jamhuriyar Nijar akwai tsarin da ake kira *warrantage*, wanda hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taimaka wajen yaɗawa: ƙungiyar manoma ta zuba hatsinta a sito, a kulle da kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiyar ɗaya a hannun mai ba da rance, a ba su kuɗi a kan hatsin, su biya bayan watanni sa'ad da farashi ya tashi. A Turanci ana kiransa *inventory credit*. Idan kika kawo shi a babin shawarwari, aikatau ɗin da kike bukata shi ne *break*, kuma ki ambaci gaɓar da ake karyawa da sunanta, kamar haka: *Inventory credit breaks the cycle at the point of the harvest sale*.